Gidan Kwanan 'Yan Mata na Bakin Shehuri

A bayan motar gyaɗa na fara shigowa Maiduguri, a farkon shekarun 1970, ina rungume da akwatin ƙarfe da babana ya aro mini a wajen malamin cocinmu. Daga ƙauyenmu na kan duwatsu, can kudancin Borno, ni ce mace ta farko da ta ci jarrabawar shiga makarantar horon malamai. Lokacin makarantar ba ta gama gina ɗakunan kwana ba, saboda haka aka ajiye mu a wani tsohon gida a bakin unguwar Shehuri, mu 'yan matan da ba mu da dangi a gari, tare da wasu 'yan makarantar jinya. Da safe mu jera mu tafi aji, da la'asar mu dawo.

Zauren gidan da jan bulo aka gina shi, rufinsa na azara ne, kuma ko a tsakiyar bazara idan ka shiga sai ka ji sanyi ya ratsa ka. Daga zauren sai ɗakin matar da ke kula da mu, sai madafa. A can baya akwai dogon ɗaki na ƙasa mai rufin kwano, wanda aka ƙara daga baya, aka jera mana gadajen ƙarfe a ciki. Matar da ke kula da mu Babarbariya ce, doguwa, ba ta da yawan dariya. Muna kiranta "Ya", yadda mutanen gari ke kiran uwa. Hausarta ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a bakinta. Ita ke tashin Musulmanmu sallar asuba, ranar Lahadi kuma ta tsaya a kanmu mu Kirista ta ce, "Tashi, kai! An buga ƙararrawarku, kana barci?"

Wadda gadonta ke kusa da nawa 'yar wani gari ce a bakin Tafkin Chadi. Ita ta koya mini cin burabusko da ɗaura lafaya, ni kuma na riƙa zama da ita a kan lissafi. Mun yi dariya a ɗakin nan, mun kuma sha wuya. Akwai bazarar da sanƙarau ya shigo, ya ɗauki wata yarinya da ke kwana a gadon lungu, tun kafin iyayenta su iso daga ƙauye.

Na gama karatu, na yi aure, na haihu, na zama malamar firamare a Bulumkutu. Wajen tsakiyar shekarun 1980 na shiga wata 'yar ƙungiya ta masu son tarihin gari. Abin da ya kai ni shi ne na gaji da koya wa yara tarihi daga littafi ba tare da abin da zan nuna musu ba. Yawancin 'yan ƙungiyar dattawa ne da suka yi ritaya daga aikin gwamnati, muna haɗuwa ranar Asabar a wani aji da aka ara mana. Shugabanmu tsohon babban ma'aikaci ne, kowa Baba yake ce masa. A garejin gidansa aka tara abin da ƙungiya ta samu: takubba, garkuwar fata, tsofaffin kuɗi, tuluna, rigunan saƙi da asu ya fara ci. Burinsu a samu gini a buɗe gidan tarihi. Sun nemi wani tsohon ɗakin shari'a, aka yi ta musu alkawari har aka rushe shi.

Wata rana ina cikin bas zan je gaishe da mara lafiya, muka bi ta bakin Shehuri, sai na hango an shafa jan fenti a bangon gidanmu na da. Na buga jikin motar na sauka. Wani mai shayi da ke gindin dogonyaron ƙofar gidan ya ce ai an ba ɗan kwangila wajen, shaguna za a yi. Tun da makaranta ta tashi da ɗalibanta, ba abin da ake ajiyewa a ciki sai karyayyun bencina.

Ranar Asabar na ɗaga hannu a taro. Ban saba magana ba, don mu mata ba mu da yawa a ƙungiyar, kuma ni ce ƙarama. Na ce ga gini za a rushe, mu neme shi.

Baba ya cire tabarau ya dube ni. "'Yata, wane gini ne?"

Na faɗa masa.

Ya ce, "Tarihi muke nema, ba inda aka tuƙa tuwo ba."

Aka yi dariya. Amma ban zauna ba. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri. Malaman da suka koya wa jikokinka karatu, da ungozomomin da suka karɓi haihuwarsu a asibiti, da yawansu a gidan nan suka kwana. Kafin mu, 'yan matan ƙauye ba sa zuwa garin nan neman ilimi."

Ya ce za a duba. Na daɗe a cikin mutanen ofis, na san abin da "za a duba" ke nufi.

Daga taron ban koma gida ba, unguwar Dala na nufa wajen ƙawata ta gadon kusa. Ita ta bar koyarwa tuni, ta yi Makka, tana sayar da lafaya da turaren wuta a cikin gida. Ta yi mini lale, ta kawo shayi, na zayyana mata komai ina jiran ta miƙe mu tafi. Sai ta ci gaba da ƙulla turarenta.

Ta ce, "Su rushe mana. Ke kin manta kuɗin cizo? Kin manta yunwa? Ni har yau idan na bi ta ƙofar gidan nan kau da kai nake, don yarinyar nan nake gani."

"Ban manta ba. Shi ya sa ma."

"Shi ya sa me? A ajiye bango a riƙa kuka?"

Na sha shayina na tashi, zuciyata a ɓace.

Washegari bayan coci na nemi gidan da Ya take. Ta tsufa ƙwarai, tana zaune wajen ɗan ƙanenta a cikin Shehuri, idanunta sun yi hazo. Da na gaishe ta na faɗi garinmu, sai ta ce, "Kai ne mai kukan dare, ɗan duwatsu?" Na ce ni ce. Na ba ta labari. Ta ja carbinta ta ce, "Ni ban san ofis ba. Amma namiji ba zai tura mota a kan mace tana zaune ba. Je ka zauna."

Dogon hutu ya kama a makon. Na gaya wa maigidana abin da zan yi. Shi akawu ne, mutum mai gudun fitina. Ya ce, "Kin san zamanin soja muke ciki ko? Idan aka ɗauke ki, me zan ce wa yaran nan?" Na ce ba tuta zan ɗaga ba, ba ihu zan yi ba, zama kawai zan yi a gidan da gwamnati da kanta ta taɓa ajiye ni. Da safe na tarar ya ɗaura tabarma a bayan babur ɗinsa, ya ce in hau ya sauke ni kafin ya wuce aiki.

Ƙofar zauren ta daɗe da ɓallewa. Na share kashin awaki da jemagu, na shimfiɗa tabarmata, na fito da takardun jarrabawar yara ina dubawa. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba. Kwanakin farko ni kaɗai ce. Masu wucewa su leƙo su ga mace da tabarau da jan biro a cikin kango, su girgiza kai. Mai shayin ya tambaye ni ko lafiya, na ce lafiya lau, ya aiko mini da kofi ɗaya bai karɓi komai ba.

Ana nan wata safiya sai ga tasi ta tsaya, ƙawata ta fito da kwanon abinci da buhun lafayoyinta. Ta shigo ba ta dubi bayan gidan ba, ta zauna ta juya bayanta ga dogon ɗakin.

Ta ce, "Kada ki ce don ginin na zo. An ce mini kina nan ke kaɗai kamar mahaukaciya, mutane suna nuna ki. Ba zan bari a ce ƙawata ce ba ni ina gida."

Zuwanta ne ya sauya komai, don ita ta san kowa. Duk gidan biki da gidan suna da ta kai kaya sai ta tambaya wa ya taɓa kwana a gidan 'yan mata na bakin Shehuri. Ni ma na yi cigiya a zumuntar mata ta coci. Suka fara zuwa. Ma'aikatan jinya su biyo idan sun tashi daga aiki, da fararen kayansu. Malamai su zo da saƙa. Wata da ta riga mu shiga gidan da shekaru ta zo da jikarta a baya. Wasu ban san su ba sai mun yi ta lissafin wa ya tarar da wa. Muka raba zaman, masu safe da masu yamma, yadda ba za a sami zauren ba kowa. Lokacin azahar Musulmanmu su yi alwala a gindin dogonyaro, mu kuma mu riƙe musu jarirai.

Ranar da katafila ta iso, a bayan babbar mota aka kawo ta. Ƙarar sauke ta kaɗai ta sa wata daga cikinmu ta miƙe za ta gudu, ƙawata ta riƙo zanenta ta zaunar da ita. Ɗan kwangilar ya shigo zauren ya cire takalmi. Mutum ne mai ladabi, ba yadda na zana shi a raina ba.

Ya ce, "Iyayena, ku yi wa Allah. Ni aiki aka ba ni, hayar motar nan nake biya."

Na ce, "Alhaji, ba mu da rigima da kai. Amma nan gidanmu ne, ba za mu tashi ba sai an saurare mu."

"Wa zai saurare ku? Takardu sun riga sun fita."

"To su dawo."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya fita. Direban katafilar ya leƙo ya gan mu, ya koma ya kashe injin ya je ya zauna wajen mai shayi. Da yamma aka turo ɗan sanda. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙare mana kallo, aka ba shi ruwa ya sha, ya ce shi ba a gaya masa mata zai kwasa ba, zai koma ya tambaya. Bai dawo ba.

Na san zama kaɗai ba zai kai mu ko'ina ba, hutu zai ƙare, kowa zai koma aiki. Saboda haka kullum idan masu yamma sun karɓe ni sai in wuce gidan Baba. In gaishe shi, in zauna a kan dakali, in ce, "Baba, an duba?" Matarsa har ta fara ajiye mini abinci. Ranar da ya gaji ya ce, "Mu je in gani, don ki ƙyale ni in huta."

Ya shiga zauren yana dogara sanda, mata suka gyara lulluɓi suka gaishe shi. Ya amsa sama-sama. Sai ya ɗaga kai ya dubi azarar rufin, ya juya ya dubi wata 'yar taga a bango da mu muke ajiye fitila a cikinta. Ya sa hannu ya shafa bulon. Ya daɗe a tsaye.

Ya ce, "Na san gidan nan. Babana ya taɓa kawo ni ina ƙarami. Wani falke ne Balarabe a ciki, daga hamada yake zuwa. A nan ya rataye ma'auninsa, a nan ya ba ni dabino." Ya juyo gare ni kamar ni na yi laifi. "Me ya sa ba ki ce mini gidan fatake ba ne?"

Na ce, "Baba, ni gidan 'yan mata na sani."

Daga ranar ya ɗauki maganar kamar shi ya fara ta. Ya sa babbar rigarsa ya shiga ofis-ofis, wajen mutanen da suka yi aiki a ƙarƙashinsa a da. Yana tafiya da ni in riƙe masa jaka, wani wajen a bar mu a benci tun safe har azahar, wani wajen a tashi a ba shi kujera. Idan ya yi maganar fatake da jan bulo, ni sai in ƙara da maganar 'yan mata, ya harare ni, in yi kamar ban gani ba.

Abin da aka yanke a ƙarshe bai yi wa kowa daɗi duka ba. Za a bar wa ƙungiya zaure da ɗakin Ya da madafa da bishiyar ƙofa. Dogon ɗakin baya da filin tsakar gida kuwa na ɗan kwangila ne. Wato ainihin inda muka kwana shi za a rushe. Na kawo wa mata labarin, zaure ya kaure. Wata ta ce na sayar da su, an ba tsoho abin da yake so an bar mu da madafa. Wata ta naɗe tabarmarta ta tafi, ba ta ƙara yi mini magana ba sai bayan shekaru. Na ce musu na auna, idan muka ƙi wannan, ranar da aka koma makaranta duka za a kwashe. Na sa hannu a madadinsu, kuma har yau ina ganin daidai na yi, ko da yake abin ya ci ni.

Ɗan kwangilar ya ba mu dama mu fitar da abin da muke so. Muka janye bencina muka sami gadon ƙarfe ɗaya da bai karye ba, da babbar tukunyar da ake dafa mana wake. Sannan aka tada katafila. Dogon ɗakin bai yi wata gardama ba, tura ɗaya bangon ya kwanta. Ƙawata, wadda tun zuwanta ba ta taɓa juyawa ta dubi wajen ba, ranar ta tsaya a gaba. Da aka zo kan lungun da yarinyar nan ta rasu, ta rufe fuska da lafaya ta yi kuka sosai. Da ta gama ta share ido ta yi mata addu'a, ta ce, "To, na huta." Sai ta tambaye ni wa zai gyara rufin zaure, don ta ga yana yoyo.

Gyaran ya fi zaman wuya. Gara ta ci azara da dama, sai da aka nemo wasu daga ƙauye. Maginin da Baba ya kawo ya ce kada a kuskura a shafa siminti a kan tsohon bulo, don haka aka kwaɓa ƙasa. Mu muka riƙa jido ruwa daga famfon unguwa, manyan mata da tabarau da bokiti a ka. Maigidana da abokansa na coci suka sa ƙofa, 'yan'uwan ƙawata suka kawo indararo. Ana cikin haka ruwan sama ya sauko da ƙarfi ya wanke rabin yaɓen da aka yi. Muka sake.

Sai rigimar jera kaya. Baba yana son takubba da garkuwa a ko'ina, ni na ce ɗakin Ya namu ne. Muka yi ta ja har sauran dattawa suka raba mu: zaure na fatake da kayan maza, ɗakin ciki da madafa na 'yan mata. Tsofaffin ɗalibai suka kawo abin da suka adana, rigar makaranta mai ruwan bula, fitilar ƙwai, kwanon sha mai lamba, hoton aji da fuskoki suka dushe. Na kawo akwatin ƙarfen da na zo da shi, wanda malamin cocinmu ya bar mini tun da daɗewa. Allon ƙofa ma sai da aka rubuta shi layi biyu, na fatake da na 'yan mata, don babu wanda ya yarda ya sauka.

Kafin a buɗe wa jama'a muka ɗauko Ya a mota. Ba ta gani sosai, bango ta riƙa bi da hannu har ta shiga ɗakinta. Ta taɓa gadon ƙarfen ta ce, "Wa ya sa gado ya kalli ƙofa? Juya shi, kai." Muka juya shi. Ta zauna a bakinsa, mata suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna durƙusawa suna faɗin garinsu, tana tuna wasu, wasu ta ce ba ta san su ba. Ba ta ga damina ta gaba ba.

Ba a yi wani biki ba ranar buɗewa, shayi aka dafa aka yi addu'a iri biyu. Masu zuwa ba su taɓa yawa ba. Malamai sukan kawo ɗalibai, wani lokaci baƙo ya biyo, wani lokaci mako ya wuce ba kowa. Na kawo 'yan ajina daga Bulumkutu, 'yan matan suka yi ta mamakin yadda mutum zai kwana a gado mai ƙara haka. Baba ya riƙe zauren har ƙafa ta gagare shi, sannan ya miƙa mini makulli a gaban 'yan ƙungiya, ya ce, "Ki riƙe, amma kada ki taɓa mini takubba." Ban taɓa ba, sai dai in goge su.

A shekarun 1990 shagunan baya suka cika, aka buɗe wajen wankin kai da na sayar da ƙanƙara. Wata Asabar na zo shara na ga gindin bangon madafa ya jiƙe ya yi baƙi, ƙasa tana zubowa. Na zagaya na tarar masu shagunan sun haƙa kwata sun jingina ta da bangonmu. Na yi musu magana, suka ce mai gini za a gaya wa. Mai gini ya ce ofis ne suka zana. Na dawo na tsaya ina kallon bangon, na san idan aka bar shi haka ba zai kai kaka ba.

Da yamma na biya Dala na gaya wa ƙawata. Ta ce gwiwoyinta sun fara ciwo, ita ba za ta iya zaman benci ba, amma za ta aiko da buhunan yashi a tare ruwan kafin a ga abin da za a yi. Ranar Litinin na nemi izini wajen shugaban makarantarmu, na ɗauki lema da ruwan sha a gora, na hau bas zuwa ofishin da ke kula da magudanai. Masinjan ya ce shugaban ofishin bai zo ba, kuma ba a san lokacin da zai zo ba. Na ce ba komai, na gyara zanena na zauna.